Ledar da Ba Ta Tsufa

Duk wanda zai shiga wannan labari sai ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, ya karkaɗe tafin ƙafarsa da kyau, domin falon Gwaggo Fes za mu shiga, ita kuwa ko likita ba ta ɗaga wa ƙafa a kan wannan doka.

Yaran unguwa ne suka raɗa mata sunan. Kullum idan ta gama goge falonta sai ta miƙe a bakin ƙofa, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya, tsumma a ɗaya hannun, ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce, "Yauwa, fes!" Tun yara suna kwaikwayonta a ɓoye har manya suka ɗauka, har mijinta ma, wani tela mai yawan barkwanci, ya daina kiranta da komai sai Fes.

Abin da take gogewar kuwa leda ce, irin shimfiɗar ƙasa mai kauri ta da, wadda ake sayarwa a naɗe, a auna maka da yadi a yanka. Koriya ce mai gida-gida, siririn baƙin layi ya raba gida da gida, kowane gida da 'yar fure ruwan ƙwai a tsakiyarsa. A shekarar da suka tare a gidan ta saye ta. Tare suka je kasuwa da maƙwabciyarta Maman Biyu, wadda katanga ɗaya ta raba su, daga naɗi ɗaya aka yankar musu, amalanke ɗaya ya kawo musu har ƙofar gida, su biyun suna biye da shi suna yi wa mai turawa faɗa kada ya lanƙwasa musu kaya.

To, ta Maman Biyu ba ta yi nisan kwana ba. Tagwayenta suna fara tafiya ledar ta fara ɓarkewa daga bakin ƙofa. Ta sauya shuɗiya, shuɗiya ta ƙone. Ta sauya mai ruwan ƙasa, ita ma ta bi sahu. Daga ƙarshe da 'ya'yanta suka kama aiki suka zuba mata tayil, ta huta. Amma ta Gwaggo Fes tana nan, shekara kusan arba'in, ba yaguwa, ba ƙuna, ba huda. Ta ɗan kode, gaskiya, kamar yadda fuskar mutumin kirki take kodewa, amma ko fure ɗaya bai ɓace ba.

Wanda bai ga Gwaggo tana aikin nan ba ya yi asarar kallo. Ba ta taɓa sa wa ledar ruwa sai ta share ta da tsintsiyar laushi tukuna, don a cewarta yashi shi ne babban maƙiyin leda, kowace ƙwaya wuƙa ce ƙarama. Sannan ta surka ruwa, ba mai zafi ba, ba mai sanyi ba, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Sabulu ɗan kaɗan, a shafa a tafin hannu a kaɗa a bokiti, shi ke nan. Tsumman kuwa sai ta murɗe shi kamar ya ci mata bashin zagi, har sai ya daina ɗiga, domin ruwan da ya sulale ƙarƙashin leda ba ya fitowa sai da wari. Daga kusurwar can ciki take farawa, a durƙushe, tana ja da baya tana gogewa har ta fito bakin ƙofa, don kada ta taka inda ta wuce. Ta bi da busasshen ƙyalle. Ƙafafun kujeru kuwa kowace da 'yar safarta, wadda Tela ya ɗinka da guntayen yadi. Ba a jan kujera a falon Gwaggo, ɗagawa ake yi.

Ranar hutun makaranta kuma yara ne da aikin sheƙi. Takan ɗaura musu tsofaffin riguna a ƙafa, ta kunna rediyo, ta ce su yi ta sulu daga bango zuwa bango. Ihu, dariya, wannan ya bangaje wancan, Auta ya faɗi da gindi ya tashi yana cewa bai ji zafi ba. Kafin waƙa biyu ta ƙare leda ta ɗauki ido. Har yau idan 'ya'yanta suka haɗu, da wuya su rabu ba su tuna wannan sulu ba.

Maman Biyu kuwa abin ya tsaya mata a rai. Takan leƙo ta kan katanga ta ce, "Maƙwabciya, tsakaninki da Allah, me kike sa wa ledar nan?"

"Ruwa da tsumma da gwiwa."

"Ni ma ai ina da gwiwa!"

"Taki ta zama ce, tawa ta durƙuso."

Babu abin da Maman Biyu ba ta gwada ba. Ta sayi irin sabulun. Ta ari bokitin. Akwai ranar da ta ari tsumman kansa, ta mayar da shi da yamma tana huci. Daga baya ta sallama, ta ce, "Hannu ne. Wani hannun ko ƙarfe ya taɓa sai ya lalace, nawa ke nan." Daga nan ta zama mai shelar ledar. Amaryar da aka kawo unguwa, sai ta ja ta zuwa falon Gwaggo ta ce, "Duba nan, 'yar nan. Rana ɗaya muka saya, tawa ko ƙurarta babu. Haka ake riƙon ɗaki." Gwaggo ta sunkuyar da kai tana cewa ai ba komai ba ne, amma a cikinta kamar an ba ta sarauta. Ba ta yi boko ba, ba ta da shago, ba ta taɓa zuwa ko'ina mai nisa ba. Ledar nan ita ce abin da aka san ta da shi.

Sai dai akwai abin da mutum biyu kaɗai suka sani a duniya, ita da Tela.

Ledar tana da shekara biyu ko uku, wata rana Tela yana sauri zai kai ɗinki, ya ajiye dutsen guga da zafinsa a ƙasa, a tsakiyar falo. Kafin ya ankara ƙauri ya cika ɗaki. Da ya ɗaga, ga hoton dutsen guga baƙi ƙirin a kan fure biyu. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Zama ta yi a gefen ƙunar, hawaye na zuba.

Tela ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya dubi katon kabad ɗin kwanuka da ke jikin taga, wanda Gwaggo ta sa aka ajiye a nan ya tare rabin tagar don kada rana ta ci mata kala. Ya ce, "Fes, share hawayenki. Wa yake ganin abin da ke ƙarƙashin kabad?"

Suka kulle ƙofa, rana tsaka, yara suna makaranta. Suka sauke kwanuka, suka ɗaga kabad. Tela ya yanko gida biyu daga can ƙarƙashi. Da ya ga sun fi na fili haske, sai ya shanya su a kan rufi kwana biyu har suka ɗan kode. Sannan ya ɗora su a kan ƙunar, fure a kan fure, ya bi baƙin layin nan da sabuwar reza ya yanka sama da ƙasa lokaci ɗaya, ya cire ƙonannen, ya shafa gam, ya zaunar da sabon daram. Ya ɗora kan keken ɗinki a kai ya danne har gari ya waye. Mutumin da ya saba haɗa zanen yadi a kafaɗar riga, me zai gagare shi a nan? Ita kanta Gwaggo sai da ta shafa da yatsa kafin ta gane wurin.

Daga ranar, ƙarƙashin kabad ya zama rumbunsu. Garwashi ya faɗo, a je ƙarƙashin kabad. Tsinin takalmin baƙuwa ya huda, a je ƙarƙashin kabad. Bakin ƙofa ya cinye, a je ƙarƙashin kabad. Da can ya ƙare suka koma ƙarƙashin doguwar kujera. Shi ya sa babu abin da ya taɓa gusawa a falon nan. 'Ya'yan sun tashi suna tsammanin uwarsu ce kawai ba ta son sauyi. Babbar 'yarsu ta sha cewa, "Inna, a juya kujerar nan mana ta kalli ƙofa." Sai Gwaggo ta ce, "Ta gaya miki wuyanta ya gaji ne?" Tela kuwa ya duƙufa a kan ɗinkinsa, kafaɗunsa na rawa.

Haka aka yi ta tafiya har tsufa ya zo, ya zo kuma da abin da ya fi tsufa. Wata safiya Tela ya tashi zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti aka kwantar da shi a ɗakin ciki, wanda 'yar tagarsa ba ta kallon komai sai bangon bayan gida.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin taga, keke a gabansa, yana tsokanar duk wanda ya wuce, yau ga shi yana kallon bango. Mako na farko ya daure. Na biyu ya rage cin abinci. Na uku ko an shigo gaishe shi sai ya lumshe ido kamar mai barci. Likita ya ce a samar masa haske da mutane, a riƙa tsayar da shi yana dafa wani abu, kuma kada a shimfiɗa tabarma ko darduma a inda zai taka, don kada ƙafar ta harɗe.

Auta, wanda yanzu direba ne mai iyali, ya zo ya auna falon da ido ya ce, "Inna, abin ai mai sauƙi ne. A fitar da doguwar kujera a sa gado a wurin. A kai kabad ɗakin ciki, taga ta buɗe gaba ɗaya. Baba ya sauko da ƙafa nan, ya dafa bakin taga, ya ga titi."

Gwaggo ta dubi wurin. Inda Auta yake nunawa da yatsa, nan ne ainihin wurin da babu komai sai siminti. Kuma ba damar rufewa da tabarma. Duk mai shigowa dubiya, unguwa guda, zai gani.

Kafin ta buɗe baki sai suka ji murya daga ɗakin ciki, a hankali, kalma tana jan kalma.

"A... bar... mata."

Auta ya leƙa. "Baba, don kai fa za a yi."

"A bar... kabad."

Auta ya ɗaga kafaɗa ya tafi, yana cewa tsofaffin nan biyu sai Allah. Gwaggo kuwa maganar ta fi mari zafi a wurinta. Mutumin ko sunanta ba ya iya faɗa daidai, amma ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa don ya rufa mata asiri.

Ba ta amince nan take ba, kada a yi mata ƙarya. Ta yi 'yan dabarunta. Ta wangale ƙofar ɗakin ciki. Ta jingina madubi a kan kujera wai ko zai hango gefen taga, bai hango komai ba sai silin. Ta kai masa rediyo, ya juya masa ƙeya. Kullum da safe tana durƙushe tana gogewa, idan ta iso gindin kabad sai hannunta ya tsaya.

Wata safiya tana cikin haka, mai gyaran takalmi ya wuce ta titi yana ƙwanƙwasa akwatinsa. Tsohon abokin tsokanar Tela ne, shekara da shekaru ba ya wucewa sai sun yi musayar baƙar magana ta taga. Ya ɗan tsaya a saitin gidan, ya ƙwanƙwasa sau biyu, shiru, ya wuce. Gwaggo ta leƙa ɗakin ciki. Tela ya karkato da kansa wajen ƙofa iya yadda wuyansa zai iya, bakinsa yana motsi, yana ba da amsar da ba wanda zai ji.

Ta ajiye tsumman a cikin bokiti, ko matsewa ba ta yi ba. Ta aika a kira Auta. Sannan ta fita tsakar gida ta buga katanga.

"Maman Biyu! Zo ki kama mini kwanuka."

"Kwanuka? Lafiya?"

"Kabad za a ɗaga. In dai za a gani, gara ki fara gani, kada ki ji a bakin wata."

Maman Biyu ta shigo tana gyara ɗaurin zani, ba ta gane komai ba. Aka sauke kwanuka. Auta da wani abokinsa suka kama doguwar kujera suka fitar, suka dawo suka ciccibi kabad.

Duk suka zuba wa ƙasa ido.

Ga siminti nan fari-fari, gida-gida, an yanke shi tsaf a kan layi, kamar bakin tsohon da haƙora suka zube. Nan gida biyu, can gida huɗu, can kuma dogon layi guda. Abin da ya rage na leda a wurin bai fi a tsallaka ba.

Auta ya ce, "Inna... ɓera ne?"

"Ɓeran da ya iya riƙe reza. Ga shi can a kwance, uban wani."

Maman Biyu ta dubi ramukan, ta dubi tsakiyar falo mai sheƙi, ta sake duban ramukan. Sai ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa.

"Faci!" ta ce. "Faci ne! La ila, ni 'yasu! Shekara nawa ina zagin hannuna? Har tsumma na ara, maƙwabciya! Tsumma!"

"Ai gogewar ma ana yi," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Rufe mini baki! Ruwa da tsumma da gwiwa, ko? Ba ki ce da tela ba!"

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda take fitowa da hawaye, tana dukan cinya. Auta ya kama. Daga ɗakin ciki kuma aka ji wani sauti kamar tari, aka ruga, ashe Tela ne yake dariya da rabin baki, karo na farko tun da ya kwanta.

Aka kafa gado, aka ɗauko shi aka zaunar, haske ya zubo masa a fuska har sai da ya runtse ido. Auta kuwa ya rarrafa tsakiyar falo yana neman facin, ya kasa samun ko ɗaya. Tela ya ɗaga hannun hagu ya nuna wani wuri kusa da ƙofa.

"Kai," ya ce. "Keke."

"Ni?"

"Kai mana," in ji Gwaggo. "Ranar da ka shigo da keken yayanka falo ka ja birki. Ka sha duka, ka kwana kana kuka, da ka dawo daga makaranta bayan kwana biyu ka ga babu komai, ka ce aljanu ne."

"Wallahi har na girma ina tsammanin mafarki na yi!"

Hannun ya sake nuna wani wuri. Nan ne fitila ta faɗi daren da aka haifi Auta. Can ne kakar yara, Allah ya ji ƙanta, take kafa sandarta kullum a fure ɗaya har ta huda shi. Can kuma tsakiya, Tela ya nuna ƙirjinsa, ya ce, "Guga." Kowane rami a gindin taga yana da ɗan'uwansa a fili, kowanne da ranarsa. Gwaggo da ta zaci kunya za ta kashe ta, sai ta tsinci kanta tana ƙwace labarin daga bakinsa, tana gyara masa shekaru.

Ana cikin haka Maman Biyu ta miƙe ta fita, ba sallama. Gwaggo ta bi ta da kallo. Ta ce a ranta, dariya ta ƙare, fushi ya zo, kuma da gaskiyarta.

Can sai ga ta ta dawo da wani abu a naɗe a hammata. Ta warware shi a kan gado. Koriya, mai gida-gida, fure ruwan ƙwai, sabuwa ƙal kamar yau aka yanko ta daga kasuwa.

"Ragowar tawa ce," ta ce. "Tun ranar na shimfiɗa ta a gindin akwati. Ba don ke na kawo ba, maƙaryaciya. Don ƙafar Malam ce, kada sanyin siminti ya kama shi."

Ba ta isa ta rufe duka ba, amma ta isa inda zai sauko da ƙafa har zuwa bakin taga. Sai dai wa zai yanka? Hannun da ya saba yana kwance a kan cinya kamar ba nasa ba. Gwaggo shekara arba'in tana kallo, dannewa kawai take yi, ba ta taɓa riƙe rezar ba.

Tela ya tura mata ita da hannun hagu.

Ta durƙusa. Maman Biyu ta danne gefe da tafuka biyu tana cewa, "Saura ki yanke mini yatsa, ki ce shi ma ruwa da tsumma ne." Tela daga sama yana ba da umarni: "Layi... bi layi... a hankali." Gwaggo ta ja rezar a kan layi. Da aka shafa gam aka zaunar, sai ga fure ɗaya ya ɗan kauce wa ɗan'uwansa, sabon kuma ya fi tsohon haske nesa ba kusa ba, ko makaho ya shafa zai gane.

Tela ya leƙo ya daɗe yana kallo. "Ya... karkace."

"A cire a shanya a rufi?" in ji Auta, wanda yanzu ya san sirrin sana'a.

"A bar shi," in ji Gwaggo. "Wanda zai gani ya gani."

Sauran ramukan na jikin bango da na ƙarƙashin gado, aka bi bakinsu da gam aka manne don kada su kama ƙafa, aka bar su a buɗe. Kafin yamma unguwa ta ji, ba kuwa a bakin kowa ba sai na Maman Biyu, wadda ta koma jan mutane zuwa falon tana cewa, "Ku zo ku ga aikin tela. Wanda ya nemo faci ɗaya a tsakiyar nan, na ba shi tayil ɗina."

Washegari Gwaggo ta share, ta surka ruwa, ta murɗe tsumma. Ta fara daga kusurwar ciki, ta zagaye ƙafafun gado, ta goge sabon facin, ta goge simintin ma gida-gida kamar yadda take goge fure. Tana ja da baya ta ji ƙwanƙwasar akwati daga titi. Tela ya riga ya sauko da ƙafafunsa a kan koriyar Maman Biyu, ya dafa bakin taga da hannun hagu.

"Kai... mai... lalata takalma!"

"A'a! Mai ɓata yadi, ashe kana nan? Na ɗauka ka gudu da rigata!"

Gwaggo ta iso bakin ƙofa ta miƙe, ta dafe ƙugu. Ta dubi falon da kujera babu, kabad babu, rana kuma ta shigo ta baje a kan ledar da ta yi shekara arba'in tana kare ta daga rana. Ta buɗe baki ke nan, Tela ya riga ta, ko juyowa bai yi ba.

"Fes," ya ce.